Sun gina wa jiragensu masauki, mu sun bar mu cikin taɓo

Jiya da asuba na tsaya a bakin kwata ina hangen kifina, kifin da na riga na biya kuɗinsa tun daren shekaranjiya, yana cikin kwale-kwale can tsakiyar taɓo, amma ba ni da ikon taɓa shi. Ruwa ya janye, jirgin ya kafe, tsakanina da shi bai wuce jifa biyu ba. Yarona ya naɗe wando ya ɗauki baho ya shiga. Bai yi taku goma ba laka ta riƙe shi har cinya. Na ce, "Kai, dawo, kada ka karye." Ya ce, "Baba, in muka jira ruwa ya kawo, ƙanƙarar nan ba za ta kai ba." Haka ya yi sawu huɗu da baho a ka, a sawu na ƙarshe fasasshiyar kwalba ta tsaga masa tafin ƙafa. Kafin mu gama kwasa rana ta take, ƙanƙara ta zama ruwa, idon karfasa ya fara yin fari. Matan da ke saye a hannuna sun daɗe da tafiya wata kwatar.

Wallahi na gaji. Wannan ba jiya kaɗai ba ne, rayuwarmu ke nan tun da aka dasa mana katangar nan a cikin ruwa.

Shekarata ashirin da 'yan kai a Legas ina sana'ar kifi. Ina saye hannun masunta Egun da Ilaje, wani in sayar ɗanye, wani a yi banda a ɗaure a kwali a tura Arewa. Lokacin da na zo, ƙasan kwatarmu yashi ne tas, kana tsaye kana ganin yatsun ƙafarka a cikin ruwa. Ko ruwa ya janye iyakar janyewa, kwale-kwale sai ya kawo hancinsa bakin tudu, a miƙo maka kwando hannu da hannu. Babu wanda ya taɓa yashe wurin, ko sau ɗaya. Ruwan ne da kansa yake share shi.

Sai ga wasu masu kuɗi sun sayi filin da ke gefenmu, suka ce za su gina masaukin jiragen shaƙatawa, irin fararen jiragen nan masu gudu da ake fita yawo da su ranar Lahadi. Su da bakinsu marina suke ce masa, kada mai karatu ya ɗauka wurin rini ne. Suka kawo injin yasa ya yi wata da watanni yana zuƙo yashi daga ƙasan ruwa yana tofarwa a gaɓa, har suka cike wani yanki da a da ruwa ne. Daga nan suka jera manyan duwatsu, katanga guda ta miƙe daga gaɓa ta shiga tsakiyar ruwa ta lanƙwasa kamar lauje, don jiragensu su kwanta cikin lumana kada igiya ta jijjiga su. Bukatarsu ta biya, ba na musu. A cikin laujen nan ruwa lum yake kamar na randa. Amma kwatarmu ta faɗo a bayan katangar, mu ne muka ɗauki kuɗin wannan kwanciyar hankalin nasu.

Wanda bai zauna bakin teku ba bari in gaya masa yadda abin yake. Ruwan nan ba a tsaye yake ba. Sau biyu a yini da dare teku ke turo ruwa cikin tafkin Legas da rassansa, sau biyu kuma take janye abinta, kullum lokacin yana ƙara jinkiri da kusan minti 50. A tsayuwar wata da daren sha huɗu cikar ta fi ƙarfi, janyewar ma haka. Da damina kuma kogin Ogun da sauran rafuka suna kwararo jan ruwa mai laka. In wannan ruwan daɗi ya gamu da na gishiri, lakar sai ta dunƙule ta yi nauyi, tana neman inda za ta kwanta. Muddin ruwa na gudu ba ta samun wuri, janyewar teku na kwashe ta ta fita da ita. Inda duk gudu ya mutu, nan take sauka.

To, katangarsu ta kashe gudun a daidai ƙofarmu. Wani dattijon masunci, wanda ya girme ni nesa ba kusa ba, shi ya nuna mini tun ana cikin aikin. Ya jefa ɓawon kwakwa a ruwa ya ce in zuba ido. A da, da ɓawon nan ya bi ruwa ya wuce, kafin ka ƙifta ido ya yi nisa. Ranar sai ya tafi kaɗan, ya juyo, ya dinga kewaya wuri ɗaya kamar akuyar da aka ɗaure a turke. Dattijon ya ce, "Malam, duk abin da ruwa ya ɗauko, nan zai ajiye mana." Ko damina biyu ba a yi ba maganarsa ta tabbata. Yau in ka soka gora a inda muke tsayawa da, sai ta nutse fiye da tsayin yaro ba ta taɓa yashi ba. Baƙar laka ce mai santsi, in ka taka ta sai ta yi kumfa ta buso wari kamar ruɓaɓɓen ƙwai.

A can bakin katangar kuwa akasin haka ake fama da shi. Ruwan da a da yake da faɗin hanya yanzu an matse shi, dole ya bi ta ƙunci, sai ya riƙa fita da ƙarfi kamar an toshe rabin bakin tiyo da yatsa. Ya haƙe ƙasan wurin ya yi rami, yana murɗawa. Ƙaramin kwale-kwale mai filafili in ya zo kewaye bakin duwatsun lokacin janyewar ruwa, sai mai shi ya yi da gaske. Da idona na ga jirgin wata mata mai kamun kaguwa ya juye a wurin, Allah ya sa da mutane kusa aka ciro ta, amma kayan kamunta da wahalar kwana guda duk sun tafi. Ruwan da aka karkatar bai tsaya nan ba, ya je yana dukan gaɓar da ke ƙasa da mu, inda rumfunan banda suke. Ga kuma igiyar da jiragen ke tayarwa in sun fito a guje, tana zuwa ta daki gindin gaɓa ta koma, ta sake dawowa. Rumfa biyu sun rufta. Bishiyar kwakwar da muke ɗaure igiyar shanya a jikinta, saiwoyinta a waje suke yanzu, jira kawai take.

Sannan ga ƙazanta. Duk ledar ruwa da robar lemo da takalmin da ya tsinke a unguwannin sama, a kusurwarmu suke yada zango. Ƙarshen damina kainuwa ta sauko, wannan mai shuɗin fure da ta addabi ruwan Legas tun shekarun 1980. Da can wucewa take yi ta isa ruwan gishiri ta mutu. Yanzu sai ta taru a bayan katanga ta yi dandali, ta naɗe farfelar inji, ta ruɓe a wurin ta ƙara wa lakar kauri. Ruwan ya yi baƙi ƙirin, da kyallin mai a samansa. Abinci fa muke sayarwa! Wace mace ce za ta tsaya cikin wannan warin ta yi cinikin abin da za ta kai wa 'ya'yanta? Sauro kuwa, tun la'asar ba ka iya zama.

Mun je mun same su, ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Mu da shugabannin masunta muka sa aka rubuta mana takarda, muka kai ƙofarsu, muka kai ofishin da aka ce shi ke kula da irin wannan. A ƙofar masaukin mai gadi ya karɓa ya ce maigida ya yi tafiya. A ofis aka buga hatimi aka ce za a turo masu dubawa, har yau muna zuba ido. Da muka matsa, wani mai magana da yawunsu ya fito ya ce mana wai sauyin yanayi ne, ko'ina a duniya haka ake fama. Wannan maganar ta fi taɓon ƙona mini rai. Sauyin yanayi gaskiya ne, ba mu ƙi ba. Amma wane irin sauyin yanayi ne zai tsallake duk gaɓar nan ya zo ya tsaya cak a bayan katangarku, ya kuma fara aiki a shekarar da kuka gama jera duwatsu? Don ba mu yi boko mai zurfi ba sai a ɗauka ba mu da ido?

Kuma a ce a Legas ne za a yi wa mutum wannan rainin hankalin, garin da ya fi kowa sanin abin da katanga ke yi wa yashi. Tun wajen 1908 zuwa 1912 Turawan mulki suka jera duwatsu a bakin mashigar tashar jiragen ruwa don manyan jirage su samu hanya. Yashin gaɓar nan tafiya yake yi daga yamma zuwa gabas, igiyar teku ke tura shi. Da aka tare shi, sai ya taru a yamma ta wajen hasumiyar fitila, gabas kuma ta rasa mai ciyar da ita. Teku ta dinga cin Bar Beach shekara da shekaru, ana zuba yashi tana kwashewa, har ta kai ga hawa titin Ahmadu Bello. Duk wanda ya daɗe a garin nan ya ga wannan. A Lome, bayan an buɗe tashar jiragen ruwa a 1968, teku ta cinye tsohuwar hanyar da ke bin gaɓa zuwa Aneho, sai ja da baya aka yi aka gina wata. A Kwatano ma gabashin tasha ne ya zaizaye, gidaje suka faɗa ruwa, 'yan uwanmu da ke zaune a Zongo can shaida ne. Waɗancan manyan tashoshi ne da ƙasa guda ke ci daga gare su, ana iya cewa lalura ce. Namu fa? Wurin ajiye jirgin yawo ne. Injiniyan da ya zana katangar nan ya san duk wannan tarihin fiye da ni, ba zai ce bai sani ba.

Akwai doka a ƙasar nan tun 1992 da ta ce kafin a yi babban aikin da zai taɓa muhalli sai an auna illarsa, an kuma ba jama'a damar faɗin albarkacin bakinsu. Ni dai ban ga wanda ya zo kwatarmu ya tambayi ko mutum ɗaya ta ina ruwa ke bi ba. Da sun tambayi dattijon nan, da ɓawon kwakwa ɗaya ya ishe su darasi.

Abin da ke ƙara mini ciwo, ni ɗan Nguru ne. Na taso ina jin iyayenmu na kukan yadda ruwa ya canza hali bayan an datse shi a Tiga da Challawa, hanyoyin ruwa suka cushe, kacalla ta mamaye inda ake su da noma. Wannan na cikin abin da ya fito da ni daga gida. Na yi tafiyar fiye da kilomita dubu, na zo bakin teku inda na ɗauka ruwa ya fi ƙarfin a tare shi, sai ga shi abin da na baro ya biyo ni.

Ba mu ce a rushe musu wuri ba, kowa ya ci arzikinsa. Amma wanda ya tare hanyar ruwa shi ke da alhakin abin da ruwan ya zubar. Injin da suke kawowa yana yashe musu mashigar jiragensu, don su ma lakar ba ta ƙyale su ba, me zai hana ya juyo ya yashe tamu? Sai ma mu ga ruwan ya ƙara dagulewa duk lokacin da suka yi yasar, abin da ya tashi kuma a wurinmu yake kwanciya. A buɗe ƙofofi a gindin katangar ta wajen gaɓa, a sa manyan kwalbatoci, ruwa ya samu ya ratsa ya wanke kusurwar nan kamar da. A jera duwatsu a gaɓar masu banda kafin sauran rumfunan su bi 'yan uwansu. A kuma ce wa direbobin jiragen nan su rage gudu in sun zo kusa da kwale-kwale, rai ne a ciki. Duk wannan bai kai kuɗin jirgi ɗaya daga cikin waɗanda ke kwance a wurin ba.

Masunta uku daga cikin waɗanda nake saye a hannunsu sun riga sun koma sauke kaya a wata kwata mai nisa. Ban ga laifinsu ba, ga tsadar fetur tun da aka cire tallafi a 2023, ba wanda zai ƙona mai ya zo ya kafe a taɓo. In na bi su can, kuɗin mota ya cinye ribar. In na tsaya nan, sai yadda ruwa ya yi da ni. Yaron nan yana gida ƙafa a naɗe, an yi masa ɗinki da allurar tsatsa, mai magani ya ce kada ya taka ruwa sai bayan mako biyu. Gobe ruwa ba zai kawo ba sai hantsi ya dubi ludayi, kuma na riga na ba da kuɗin kwando shida.