Satar amsa a jami'a: malamin da ya gani ya kau da kai

Ka tambayi duk malamin jami'ar da ka ga dama ra'ayinsa game da satar amsa, kusan magana ɗaya za ka ji. Zai ce maka abin ya zama annoba, ɗaliban yanzu ba sa son wahala, kwali kawai suke nema. Wataƙila ya ƙara da cewa a zamaninsu ba haka ake ba. To ka sake jefa masa wata tambayar: a shekaru ukun da suka wuce ɗalibai nawa ka kama, kuma nawa ne a cikinsu ka miƙa wa kwamitin ladabtarwa? Nan take murya za ta sauka, sai ka ji ana cewa, "To, ai ka san yadda abin yake."

Wannan "ka san yadda abin yake" ita ce nake son mu tsaya a kanta, domin a ganina ta fi satar kanta ɓarna.

Bari mu fara kawar da batun "zamaninmu". A shekarar 1964 wani mai bincike a Amurka, William Bowers, ya tambayi ɗalibai fiye da 5,000 a manyan makarantu 99, kuma kashi uku cikin huɗu suka amsa da bakinsu cewa sun taɓa yin wani nau'i na maguɗi. Babu intanet a lokacin, babu wayar hannu. Ɗaliban wancan zamani su ne suka zama farfesoshi da alƙalai da ministoci daga baya. Saboda haka duk malamin da ya ce lalacewar ta soma ne da yaran da ke gabansa, ya manta da ajinsu ne kawai.

Mutumin da ya fi kowa daɗewa yana bin diddigin wannan lamari shi ne Donald McCabe na Jami'ar Rutgers, wanda ya jagoranci kafa cibiyar kare amanar ilimi a 1992, ya kuma shafe shekaru yana tambayar ɗalibai da malamai. Abubuwa biyu daga aikinsa sun ishe mu. Na farko, a wani binciken 1999 da ya haɗa malamai sama da 1,000 a makarantu 21, kashi ɗaya cikin uku na waɗanda suka san an yi maguɗi a ajinsu ba su ɗauki wani mataki ba. Na biyu, shi da abokiyar aikinsa Linda Treviño sun gano cewa babu abin da ke ingiza ɗalibi ga maguɗi kamar ya yi imani cewa abokan karatunsa suna yi. Haɗa biyun nan ka gani. Ɗalibi yana kallon na kusa da shi yana kwafa, yana kuma kallon malami ya gani ya kau da kai. Darasin da ya ɗauka a wannan rana ya fi duk laccar da aka yi masa a zangon zama a kansa.

Sai dai zalunci ne a ce malamai matsorata ne a tsaya nan. Ka sa kanka a matsayin malamin da ke da ɗalibai 300 a kwas ɗaya, ga takardu jibge suna jiran maki, ga wa'adin miƙa sakamako ya ƙarato. Ya ci karo da takardu biyu masu kuskure iri ɗaya a layi ɗaya. A zuciyarsa ya tabbata, amma tabbacin zuciya ba hujja ba ce a gaban kwamiti. Idan ya kai ƙara, zai cike takardu, ya tattaro shaida, ya zauna zama biyu ko uku, a yi masa tambayoyi kamar shi ne mai laifin. Ɗalibi zai iya ɗaukaka ƙara, iyaye su shigo, wani lokaci har da lauya. Watanni su wuce, a ƙarshe a ce shaidar ba ta isa ba, ɗalibin ya dawo ajinsa yana kallonsa ido cikin ido. Idan kuwa malamin na wucin gadi ne, wanda sabunta kwantiraginsa ya dogara da makin da ɗalibai ke ba shi a ƙarshen zango, to ya san tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Babu jami'ar da ke ƙara wa malami girma don ya kama ɓarawon amsa. Da maƙalun da ya wallafa ake auna shi.

Akwai kuma tausayi, wanda ban raina shi ba. Malami ya san yaron nan shi ne na farko a gidansu da ya taka jami'a, ya san hukuncin da ke rubuce kora ce. Sai ya auna laifin da hukuncin, ya ga ba su yi daidai ba, ya zaɓi ya kira shi ofis ya yi masa faɗa, ya ba shi sifili a wannan aikin, a rufe magana. Jami'ar Virginia, wadda tsarinta na amana ya samo asali tun 1842, ta daɗe a kan hukunci ɗaya tak: duk wanda aka samu da laifi, kora ce ta dindindin. A 2022 ɗaliban da kansu suka kaɗa ƙuri'ar sassauta shi, kuma cikin hujjojin masu neman sauyin har da cewa tsananin hukuncin yana hana mutane kai rahoto. Dokar da ta yi tsauri har masu aiwatar da ita suke jin nauyin ɗaga ta, a takarda kawai take aiki.

To amma sasantawa a ofis tana da nata aibin, kuma shi ne abin da malamai da yawa ba sa son ji. Idan kowane malami ya rufe tasa a ɗakinsa, babu inda aka rubuta komai. Ɗalibi ɗaya zai iya yin "kuskuren farko" sau biyar a hannun malamai biyar, kowannensu yana ganin ya yi masa rangwame na sau ɗaya. Sannan hukunci ya koma sa'a: wanda ya faɗa hannun mai sanyin hali ya sha, wanda ya faɗa hannun mai zafi ya rasa shekara guda, alhali laifinsu ɗaya. Wanda ya iya kuka da roƙo, ko yake da wanda zai yi masa magana, ya fi mai kunya samun sauƙi. Wadda ake zalunta a duk wannan kuwa ba ta cikin ɗakin. Ita ce ɗalibar da ta kwana tana karatu ta samu makinta na tsaka-tsaki da guminta, ta ga wanda ya kwafa ya wuce ta a jerin sakamako. Ba ta kai ƙara, ba ta kuka a ofishin kowa, don haka ba a lissafa ta cikin waɗanda ake tausaya wa.

Wani abin da ke ɓoye a ƙarƙashin kalmar "maguɗi" shi ne malamai da kansu ba su daidaita a kan iyakarta ba. Kowa ya yarda cewa shiga ɗakin jarrabawa da 'yar takarda sata ce. Amma ɗalibai biyu su tattauna aikin gida kafin kowa ya rubuta nasa fa? Ɗalibi ya sake miƙa aikin da ya rubuta da hannunsa a wani kwas fa? Yayarsa ta gyara masa nahawu fa? Wani malamin zai ce haɗin kai ne abin yabo, na ofishin da ke kusa da shi ya ce laifi ne. A 2012 Jami'ar Harvard ta binciki kimanin ɗalibai 125 a kwas ɗaya kan majalisar dokokin Amurka, bayan an ga amsoshi masu kama da juna a jarrabawar da aka ba su su yi a gida. An tilasta wa fiye da rabinsu barin makaranta na wani lokaci. Da yawa daga cikinsu sun yi ƙorafin cewa ƙa'idar haɗa kai a kwas ɗin ba a fayyace take ba, tunda an halatta musu duba littafi da intanet, kuma an saba zuwa wajen mataimakan malami a tattauna tambayoyi. Ba ina wanke su ba ne. Amma idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Malamin da bai ɓata minti goma a farkon zango ya faɗi abin da ya halatta da abin da ya haramta a ajinsa ba, ya rage wa kansa bakin magana a ƙarshensa.

Sai kuma na'ura ta shigo. Tun ƙarshen shekarun 1990 manhajoji irin su Turnitin suke kwatanta rubutun ɗalibi da abin da ke rumbunsu, su fito da kaso na kamanceceniya. Masu maguɗi suka kauce ta hanyar biyan wani ya rubuta musu sabo fil, har Ostareliya ta haramta wannan sana'a a 2020, Ingila ta bi sahu a 2022. Kafin dokar Ingila ta cika shekara, ChatGPT, wani tsarin kwamfuta na ƙirƙirarriyar basira mai rubuta amsar abin da aka tambaye shi, ya fito a ƙarshen Nuwamban 2022, ya mayar da abin da ake saya da kuɗi kyauta, cikin daƙiƙoƙi. Malamai suka rikice, kuma da gaskiyarsu. Abin da ya dame ni shi ne inda da yawansu suka ruga neman mafaka: wata manhajar da za ta gaya musu ko ƙirƙirarriyar basira ce ta yi rubutun.

Kamfanin OpenAI da ya ƙera ChatGPT ya fitar da irin wannan manhaja a Janairun 2023. Da bakinsa ya ce kashi 26 cikin 100 na rubutun na'ura take ganewa, kuma tana yi wa kashi 9 cikin 100 na rubutun mutane ƙazafi. A watan Yulin shekarar ya janye ta saboda rashin inganci. A watan Agusta Jami'ar Vanderbilt ta kashe irin wannan ma'auni na Turnitin, ta kuma yi lissafi mai sauƙi: ta tura takardu 75,000 a 2022, ko da kuskuren kashi ɗaya ne cikin ɗari, takardu 750 ke nan za a zarga a banza. Mafi muni, masu bincike a Jami'ar Stanford sun gwada irin waɗannan manhajoji guda bakwai a kan rubutun mutanen da Ingilishi ba harshen uwa ba ne a gare su, suka ga sun ɗauki fiye da rabinsa a matsayin na na'ura. Dalili kuwa, mai rubutu da harshen da ya koya a makaranta yakan tsaya kan kalmomin da ya tabbatar da su da jimloli marasa kwana-kwana, wato daidai abin da manhajar ke ɗauka alamar na'ura. Duk wanda ya yi karatu da harshen da ba nasa ba ya san kansa a wannan siffa.

A wurina, malamin da ya ga manhaja ta nuna a allon kwamfuta cewa kaso 80 na aikin rubutun na'ura ne, ya rubuta sifili ba tare da ya kira ɗalibin ba, ɗan'uwan wancan ne da ya gani ya kau da kai. Dukansu sun guje wa abu ɗaya: su zauna da ɗalibi fuska da fuska, su yanke hukunci da hankalinsu, su ɗauki nauyinsa. Mai kau da kai ya saki mai laifi, mai bin manhaja kuma yana iya kama marar laifi, ya kuma ce ba shi ya faɗa ba, na'ura ce.

Alhali kayan aikin da ya fi kowace manhaja yana hannun malami tun fil azal. Ka kira ɗalibi ka ce ya bayyana maka sakin layi na uku na aikinsa. Me ya sa ya zaɓi wannan hujja ya bar waccan? Wannan littafin da ya ambata, a ina ya same shi, me marubucin yake cewa? Wanda ya rubuta da kansa zai yi in'ina, ya yi gumi, amma zai kai. Wanda aka rubuta wa ba ya wuce minti biyar. Haka ake kare kundin digiri na uku a jami'o'i da yawa na duniya, kuma babu dalilin da zai sa a ware wannan hanya ga 'yan ƙalilan da ke ƙololuwa. Na san amsar da za a ba ni: mai ɗalibai 300 ina zai samu lokacin? Gaskiya ne, ba zai iya kiran kowa ba. Amma zai iya sanarwa tun ranar farko cewa a kowane aiki zai zaɓi mutum ashirin da ƙuri'a su zo su kare abin da suka miƙa. Zai iya neman a nuna masa daftarin farko kafin na ƙarshe. Zai iya sa a yi wani ɓangare na rubutun a aji, domin ya san muryar kowa kafin ya karɓi abin da aka yi a gida. Sauran kuma ba laifinsa ba ne: jami'ar da ta cusa ɗaruruwa a aji ɗaya don kuɗin makaranta, sannan ta sayi manhaja ta ce ta magance maguɗi, ita ta zaɓi arha.

Abin da malamai ke da haƙƙin nema daga hukumar jami'a bai da yawa. Hanyar kai rahoto ta zama gajera, shafi ɗaya, a kammala cikin makonni. Hukunci ya zama hawa-hawa, yadda laifin farko marar girma zai tsaya kan gargaɗi da sake aiki, amma a rubuta shi a wuri ɗaya da za a gani idan an maimaita. Kuma idan malami ya kawo shaida mai kyau, kada shugaban sashe ya kira shi gefe ya ce a bar maganar don sunan makaranta.

Saura abu ɗaya da ba a cika faɗa a taron malamai ba, domin laifi tudu ne. Ɗalibai suna da idanu. Sun ga Karl-Theodor zu Guttenberg ya sauka daga ministan tsaron Jamus a 2011 bayan Jami'ar Bayreuth ta ƙwace digirinsa na uku saboda satar rubutu, kundin da manyan malamai suka duba suka ba shi maki mafi girma. Sun ga Annette Schavan, ministar ilimi ce ma ita, ta bi bayansa a 2013. A kusa da su kuma suna ganin malamin da ke ɗora sunansa a kan maƙalar da ɗalibinsa ya rubuta shi kaɗai, da wanda ke karanto musu littafin wani a matsayin laccarsa ba tare da ya ambaci mai shi ba, da wanda ya shekara goma yana maimaita tambayoyin jarrabawa iri ɗaya har amsoshin suka zama gadon da 'yan aji huɗu ke bar wa 'yan aji uku. Irin wannan malami ma yana cikin masu cewa ɗaliban yanzu ba sa son wahala, kuma sau da yawa da shi ake zama a kwamitin ladabtarwa.