Ba Gashin Na'ura Ne Ke Tayar da Kansar Huhu Ba

A Gusau na sha jin ana cewa gashin na'ura, wato maganin kansa da ake yi da haske mai ƙarfi a asibiti, shi ne ke tayar da kansar huhu, tunda an gasa wani kuma ciwon ya dawo. Wanda ya gani da idonsa ba a ga laifinsa ba, amma abin ba haka yake ba.

Gashi yana kakkarya DNA na ƙwayoyin kansa ne, wato zaren bayanan gado da ke sarrafa kowace ƙwayar halitta. A cikin ƙwaya akwai wani ƙaramin furotin, yubikwitin, da ake liƙa wa wasu furotin, kamar fentin da mahauci ke shafa wa saniyar yanka. Wasu ƙwayoyin kansa kan liƙa shi a kan p53, furotin mai umartar lalatacciyar ƙwaya ta mutu, sai a narkar da p53 ɗin, ƙwayar ta ƙi mutuwa. Da wannan alamar kuma suke kiran masu ɗinke DNA. Waɗanda suka tsira ta haka su ne ke sake tofowa.