Na gaji da motar gudu, amma ba jif zan saya ba

Masu motar gudu ba su cika faɗa wa juna cewa sha'awar tana ƙarewa ba. Motar tana nan lafiya lau, injin na amsawa kamar ranar farko, fenti na ƙyalli, amma mai ita ya daina zagayawa ta doguwar hanya don ya ƙara 'yan mintuna a bayan sitiyari. Ya daina waiwayen ta idan ya kulle ya juya. Ni dai a nan nake yanzu, kuma ina ganin abin ya cancanci a tattauna shi a fili, don yawancin shawarar da ake ba wanda ya kai wannan matsayi ba ta gamsar da ni ba.

Tawa mai ƙofa biyu ce, gajera, cikinta kusan yana shafar kwalta, giyar hannu, ƙafafun baya ne ke tura ta. A Jamus nake zaune, kuma duk wanda ya ji haka sai ya ce ai na dace, ga mota ga Autobahn. Gaskiya ne kusan kashi 70 cikin 100 na wannan babbar hanya ba a ƙayyade gudu a kanta ba. Sai dai wanda bai bi ta kullum ba ba zai san yadda take da safiyar Litinin ba: manyan motocin kaya sun cika layin dama, aikin gyara a nan, aikin gyara a can, allon lantarki ya sauko da kai zuwa 100 ko 80 saboda cunkoso. Ko a inda hanyar ta buɗe, gudun da hukuma ta ba da shawara shi ne kilomita 130 a sa'a. Ba laifi ba ne ka wuce shi, amma in haɗari ya auku kana sama da haka, kotu na iya ɗora maka wani kaso na asarar ko da ɗayan direban ne ya yi ganganci. Cikin gari kuwa 50 ne, unguwanni da yawa 30, hanyoyin da ke tsakanin garuruwa 100. Ka wuce iyaka da kilomita 31 a cikin gari, lasisinka zai kwanta wata guda, a kuma rubuta maka maki a rajistar Flensburg, inda maki 8 ke raba mutum da tuƙi. Tun watan Yuli na 2024 ma, duk sabuwar motar da za a sayar a Tarayyar Turai sai an sa mata na'urar da ke karanta iyakar gudu tana yi wa direba gargaɗi.

Lissafin kansa ba ya goyon bayan mai son gudu. Tafiyar kilomita 30 a kan gudun 100 minti 18 ce. Ka taka zuwa 130, ta koma kusan minti 14. Minti huɗu ke nan, wanda fitilar ba da hannu biyu a bakin gari za su cinye. Iska kuma ba ta yafewa: in ka ninka gudu, turjiyarta kan ninka sau huɗu, ƙarfin da injin zai kashe don ya ture ta ya ninka sau takwas, nisan da birki zai ɗauka kafin ya tsayar da kai shi ma ya tashi kusan sau huɗu. Wanda ya taɓa riƙe 200 na tsawon lokaci ya san allurar mai ana ganin saukarta da ido, kuma yana isa gida wuyansa a sanƙare saboda zura ido ga madubi.

To amma ni ba don 200 na sayi motar ba, kuma ina jin yawancin masu irin ta haka suke. Daɗin ƙaramar motar gudu yana cikin rashin nauyinta. Mazda MX-5 da ta fito a 1989 ƙarfin dokinta 115 ne kacal, nauyinta bai kai kilo 1,000 ba, amma har a 2016 aka ƙera ta miliyan ɗaya, kuma ba wata motar gudu mai kujera biyu da ta kai ta kasuwa a duniya. Toyota GT86 da 'yar'uwarta Subaru BRZ, waɗanda suka zo a 2012 da doki 200, da gangan aka sa musu siraran tayoyi irin waɗanda ake sa wa Prius, motar Toyota mai tattalin mai, don bayan motar ya riƙa motsi a kwana ba tare da direba ya kai gudun halaka ba. Abin da ake saya shi ne yadda sitiyari ke gaya wa tafin hannunka halin da kwalta take ciki, da yadda giya ke faɗawa gurbinta, da yadda motar ke juyawa kamar daga ƙugunka take karɓar umarni. Duk wannan gaskiya ne, ban janye ko kalma ɗaya ba. Matsalar ita ce wurin da ake jin wannan daɗi: hanya mai lanƙwashe-lanƙwashe a kan tudu, busasshiya, ba kowa a gabanka, kai ma ba ka sauri zuwa ko'ina. Sau nawa waɗannan sharuɗɗa suke haɗuwa a shekara ga mai aiki? Sauran ranakun duka, ingarma ne ka ɗora wa jarkokin ruwa.

Sauran ranakun nan su ne rayuwa, kuma jiki magayi. Kuloci a cikin cunkoso, taka saki, taka saki, har ƙafar hagu ta fara ƙorafi. Shokozoba mai tauri da taya marar kauri, waɗanda suke abin yabo a kwana, su ne ke miƙo maka kowane faci na hanya kai tsaye zuwa ƙashin baya. Tudun rage gudu sai ka hau shi a karkace kana addu'a. Ƙofar mota mai ƙofa biyu doguwa ce, saboda haka a wurin ajiye motoci mai matsi sai ka fita da dabara. Da dare, da yake kana zaune ƙasa-ƙasa, fitilun manyan motoci a idonka suke sauka. Lokacin hunturu, mota marar nauyi da ƙafafun baya ke turawa tana son natsuwa a kan dusar ƙanƙara ko da an sa mata tayoyin sanyi. Sai kuma but. Na MX-5 ta yanzu lita 130 ne, na GT86 lita 243. Duk mazaunin waje ya san ma'anar wannan ranar da baƙi suka sauka a filin jirgi da akwatunansu. Wani kawuna da ya ziyarce ni, bayan ya gama fama ya shiga kujerar gaba, cewa ya yi, "Ɗana, wannan zama ake yi a cikinta ko kwanciya?" Dariya muka yi, amma da zai fita sai da na kama hannunsa.

Maganar kuɗi ba zan daɗe a kanta ba, kowa ya san ta. Kamfanonin inshora a nan suna kasa motoci aji-aji gwargwadon yawan asarar da kowane samfuri ya jawo, don haka kana biyan wani abu na gangancin mutanen da ba ka sani ba. Da yawa daga waɗannan injuna fetur mai daraja ta 98 suke so. Tayoyin baya ba sa daɗewa. Lokacin da zuciya ke so, duk wannan ba ya zafi. Ranar da ta daina so ne kake fara tambayar ko kwalliya tana biyan kuɗin sabulu.

Akwai kuma wani abu da ya canja a duniyar motoci wanda ya rage wa irin tawa kwarjini. Saurin tashi ya zama kayan kowa. GT86 tana kaiwa 100 daga tsaye a daƙiƙa 7.6. Mafi ƙanƙantar Tesla Model 3, motar iyali mai ƙofa huɗu, tana yin haka a kusan daƙiƙa 6, ba ƙara ba hayaniya. Wanda ya sayi motar gudu don ya riga kowa tashi a fitila, zamani ya riga ya wuce shi.

Da na fara faɗa wa abokai abin da ke raina, bakinsu ɗaya: "Malam, jif za ka nema, ka huta." A nan muka rabu. Jif tana da abin da take da shi. Shiga da fita ba wahala, musamman ga dattijo ko mai ciwon gwiwa, kana hangen hanya daga sama, wanda kuma yake bin hanyar da ba kwalta yana buƙatar tsayinta. Amma yawancin masu sayen ta don girman ciki suke saye, kuma a nan ido yake yaudarar mutum. But ɗin Skoda Octavia wagon, wato mai rufin da ya miƙe har baya ya haɗe da but, lita 640 ne, na jif ɗin kamfanin, Karoq, lita 521. Toyota Corolla wagon tana da kusan lita 600, jif ɗin kamfanin, C-HR, mai kamar ta fi ta girma ba ta kai 400 ba, RAV4 ta 2019 ma da ta fi su tsayi da nauyi lita 580 take da shi. Tsayin da kake biya yana zuwa da gaba mai faɗi da ke karo da iska, da ƙarin nauyi, da ƙarin shan mai, da jikin da ke rinjaya a kwana saboda nauyinsa yana sama. Wanda ya fito daga motar da cikinta ke ƙasa zai ji wannan rinjaya tun a shataletalen farko. Wagon tana zaune ƙasa kamar kowace ƙaramar mota, tana ɗaukar kayan jif, kuma bakin but ɗinta a daidai gwiwa yake, ba sai ka ɗaga akwati zuwa ƙugu ba. Laifinta ɗaya ne: ba wanda zai juyo ya kalle ka. Ina zargin wannan ne ainihin dalilin da ya sa ba a ba da shawararta.

Shawara ta biyu ta fi ta farko jan hankali, kuma na daɗe ina juya ta. Ita ce a raba gardama, a sayi motar iyali mai zafin inji, irin su Golf GTI ko Octavia RS. Tunanin tsoho ne. GTI ta farko ta fito a 1976 da doki 110, nauyinta kilo 800 da 'yan kai, kuma da gaske ta haɗa wasa da amfani. Ta yau doki 265 gare ta, nauyinta ya haura kilo 1,400, kuma tun gyaran 2024 ba a yin ta da giyar hannu. Motoci ne masu kyau ƙwarai. Sai dai in na jera abin da nake so a tawa, wato rashin nauyi da zaman ƙasa da turin ƙafafun baya da giyar hannu, ba ko ɗaya da zan samu a cikinsu. In kuma na jera abin da ya gundure ni, wato taurin shokozoba da siririyar taya da inshora da jarabar taka totur a inda doka ta hana, mafi yawansa zai biyo ni. Ba a tauna taura biyu. Wanda bai taɓa mallakar ƙaramar motar gudu ba zai ji daɗin GTI matuƙa. Wanda ya fito daga cikinta zai riƙa kwatantawa kullum, kuma kwatancen ba zai yi masa daɗi ba.

Shi ya sa hankalina ya karkata ga can ɗaya ƙarshen, wagon mai haɗa fetur da lantarki. Fasahar ba sabuwa ba ce, tun Prius ta 1997 take kan hanya. In ka taka birki, ƙarfin da da zai tafi a banza ya zama zafi yana komawa batir. In ka tsaya, injin ya mutu da kansa. A cunkoso tana rarrafawa da lantarki, ba kuloci, ba canjin giya. Wato ta fi ƙwarewa daidai a wurin da tawa ta fi wahalar da ni. Tana da nata rauni: a babbar hanya da gudu mai yawa ribar man tana raguwa, kuma in ka danne totur injin kan yi wani dogon gurnani marar daɗin ji. Ba ta yi wa kowa alƙawarin nishaɗi ba, don haka ba za ta saɓa ba.

Abu ɗaya ne ya sa har yau ban sa tawa a kasuwa ba. Irin waɗannan motoci suna ƙarewa. An daina ƙera Audi TT a ƙarshen 2023 bayan shekara 25. Ford ta rufe Fiesta a shekarar, har da samfurinta mai zafi. GR86, magajiyar GT86, shekara biyu kawai aka sayar da ita a Turai saboda sababbin dokokin kariya. Wanda ya sayar yau, in sha'awar ta dawo masa bayan shekara biyar, ba lallai ya sami mai lafiya a kan abin da ya karɓa ba. Jamusawa suna da maganin wannan: lambar mota ta musamman, wadda ke aiki wasu watanni kawai a shekara, misali Afrilu zuwa Oktoba, haraji da inshora ma na watannin ake biya, sauran lokacin motar tana kulle. Ga mai gareji da halin riƙe mota biyu, wannan ce amsa mafi kyau, kuma ba zan ba shi shawarar sayarwa ba. Ni wurin ajiye mota ɗaya gare ni, kuma doka ba ta yarda a bar mai irin wannan lamba a bakin titi ba a watannin da take hutu.

Wanda har yanzu yake tashi da sassafe ranar hutu don kawai ya je ya bi wata hanya mai kwana-kwana, ya riƙe tasa, kada surutun abokai ya raba shi da ita. Ni na daina yin haka, kuma motar da aka gina don wannan ba ta kamaci zaman zuwa ofis da kanti ba. Zan jira sanyi ya wuce, don a lokacin ne masu neman irin ta suke fitowa. Wagon ɗin da zan nema kuwa, na riga na yanke cewa da ƙananan wili za ta zo, inci 16, da taya mai kauri, ko da dillali ya rantse cewa manya sun fi yi mata kyau.