Kafin mu yi murnar sabbin gadojin kasa, a duba cikin wadanda muke da su

Tunda aka fara aikin fadada motowe na Accra zuwa Tema, duk guruf din WhatsApp na zango da ka leka sai zanen gadoji kake gani, wannan ya turo wancan ya turo ana ta cewa Ghana ta zama Turai, irin dai murnar da akayi a 2016 da aka bude gadar Circle har aka lakaba mata Dubai. Hanyar da Nkrumah ya bude tun 1965 ta dade tana neman gyara, wannan babu gardama. Abinda ke bata min rai shine babu mai tambayar yadda cikin ramukan gadojin kasan nan, wato tanel, zai kasance, alhali duk mai bin tanel na East Legon ko na Ashaiman ya san kuncinsu.

Duk sanda akayi hatsari waka daya ce, wani babba zai fito a rediyo yace gudu ne da gangancin direbobi, shikenan an rufe magana. Mu kuma a wajen zaman makoki muce kwana ne ya kare. To ai Annabi (SAW) cewa yayi ka daure rakuminka sannan kayi tawakkali. Tambayoyi biyu ne ake cakudawa da gangan: me yasa mota ta kauce, da kuma me yasa wanda ke ciki ya mutu maimakon ya fito da karaya. Ta farko a tambayi direba, ta biyu kuwa a tambayi wanda ya zana hanyar da wanda aka ba kudin kula da ita.

A fili in mota ta kwace sau da yawa ciyawa ko gwata zata fada ta rage karfi. A cikin tanel bangon kankare ne ko ginshiki ke jiranta, kuma kankare baya lankwasa, jikin mutum ne zai shanye dukan. Ku tuna Gimbiya Diana a 1997, ba wani dogon rami bane cikin dutse, gadar kasa ce gajera a Paris irin namu, motar na gudu fiye da kima, ta daki ginshikin da babu karfen kariya a gabansa, ita kuma bata daura bel ba. A 2012 a Sierre ta kasar Suwizalan bas ta daki bangon wajen tsayawar gaggawa da ya fuskanci hanya kai tsaye, mutum 28 suka mutu, 22 yara ne 'yan makaranta. Da bangon a karkace yake watakila gogarsa zatayi ta wuce.

Sai maganar fitila, kuma nan ne nafi jin haushi wallahi. Mu a nan an dauka fitila ta dare ce kawai. Ka fito daga zafin ranar azahar ka afka cikin duhu, idonka na bukatar 'yan dakikoki kafin ya saba, motar da ke gudun kilomita 80 a awa kuwa tana cin mita 22 a kowace dakika. Wato kayi tafiya mai tsawo kana makaho, in akwai trotro da ta lalace a ciki mate ya zuba ganye a bayanta a matsayin alama, ko dan okada ba fitilar baya, sai dai kaji kara. Shi yasa a kasashen da suka san abinda sukeyi bakin tanel yafi haske da rana akan da dare. Kuma in gudu ya ninka biyu karfin dukan ninki hudu yakeyi, fasinjan trotro ko bel bashi da shi, kujerar karfe ce a gabansa.

Wasu zasu ce ai namu gajeru ne ba kamar dogon tanel na Mont Blanc a Turai ba inda hayakin tirela ya kashe mutum 39 a 1999. Wanda ya fadi haka ya manta 3 ga Yuni 2015 a Circle, ruwa ya dauko fetur, wuta ta bi kan ruwan, sama da mutum 150 suka tafi. Ruwa da mai gangare suke bi, gadar kasa kuma itace gangaren, ga tankoki da tireloli daga Tema suna bi ta kanta dare da rana.

An raba motocin asibiti 307 a 2020, madalla, amma ta ina motar zata shiga ramin da bashi da gefe bayan gosulo ya toshe baki biyu? Karshenta samari ne zasu ciccibi mai rauni su cusa a tasi zuwa asibitin 37 ko na Korle Bu wuyansa na lilo, wanda da zai warke ya koma gurgu har abada.

A kunna fitilu da rana, a sa kariya gaban ginshikai, a bar gefen da motar asibiti zata bi, a yashe magudanai kafin damina. Kuma 'yan majalisarmu na Nima da Madina da Ashaiman su nemi ganin zanen cikin gadojin nan yanzu tun kankare bai bushe ba.