Allura a Hannu, Baki a Buɗe

Ƙanƙara ta tsare mu a gida kwana uku a nan jihar Ohayo ta Amurka, sai maƙwabciyata, wata dattijuwar Baturiya da ta yi ritaya daga aikin jinya, ta ce lallai in kalli wani tsohon fim na 1995 mai suna How to Make an American Quilt. Ta san na daɗe ina leƙen bargon da take ɗinkawa. Irin bargon nan nasu ne da ake harhaɗa ƙyallaye a yi fuskarsa, a shimfiɗa auduga a tsakiya, a sa wani yadin a ƙasa, sannan a bi da allura a ɗinke ukun wuri guda.

Labarin ba shi da tsawo. Wata budurwa, Finn, wadda Winona Ryder ta fito a matsayinta, saurayinta ya nemi aurenta amma zuciyarta na rawa. Sai ta tattara takardun karatunta ta tafi wajen kakarta a wani ƙaramin gari na Kalifoniya. Can ta tarar da kakar da 'yar'uwarta da ƙawayensu sun zagaye katako suna ɗinka mata bargon aure, kowace da ɓangaren da za ta zana abin da ta sani game da so. Shugabar ɗinkin, Anna, marubuciya Maya Angelou ce ta taka rawarta. Suna ɗinki, labarin auren kowace yana fitowa. Akwai wadda mijinta mai zane ya shekara da shekaru yana bin mata. Akwai gwanar iyo da aure da 'ya'ya suka raba ta da ruwa, ta tsufa da ɗacin rai. Mafi muni, kakar da kanta ta taɓa cin amanar 'yar'uwarta da mijin 'yar'uwar, a lokacin da nata mijin ke kwance rai a hannun Allah. Ita kuwa wadda aka cuta ta farfasa kayan tangaran ɗinta ta manna gutsattsarin a bangon ɗakin wanki, ta bar su nan shekaru.

Da fim ya ƙare, abin da ya faɗo min shi ne daren da za a kai ni ɗaki. An zaunar da ni gaban gwaggonni da innoni, fuskata a lulluɓe, kowace ta yi min faɗa. Yi, na yi, bari, na bari. Aure ibada ne. Ki yi haƙuri, ki riƙe sirrin mijinki. Mata fiye da goma, in aka haɗa shekarun aurensu za su haura ɗari biyu, amma ba wadda ta ce min ga abin da ya same ta ita. Daga baya na san wadda ta fi kowa jaddada haƙuri a daren, aurenta na uku ke nan, kuma yaji biyu ta yi a na farko kafin igiyar ta tsinke. Da ta ba ni wannan labarin, da ya fi min amfani a shekarata ta farko a ƙasar nan, lokacin da nake kuka a banɗaki ina zaton ni kaɗai ce na kasa.

Ba ina cewa Turawa sun fi mu gaskiya ba ne. Fim ne, kuma ya yi zaƙi da yawa. Tsofaffin Amurka da na sani ba sa zazzage cikinsu a bazara ɗaya don jika ta zo hutu. Kuma ya shafe ɗacin tarihin bargon da man shanu. A Gee's Bend, wani lungu da kogin Alabama ya kusa zagayewa, jikokin bayi sun yi ta ɗinka irinsa da tsofaffin wandunan gona da buhunan gari, saboda gidajen katako ne ba abin ɗumama ɗaki. A 1942 wata mata, Missouri Pettway, ta yayyanka kayan aikin mijinta da ya rasu ta yi bargo da su. Sai a 2002 aka rataye barguna irin nata a gidan tarihi na Houston, sannan Niyok, masana suka yi ta yabo, har hukumar gidan waya ta buga hotunansu a kan sarki a 2006. Abin da ya fara da tsumma. Mu a wajenmu faci alamar babu ne, ragowar ƙyallen tela kuwa sai dai a cusa a matashi.

Amma abu ɗaya fim ɗin ya gane daidai, kuma sai da na fara zuwa zaman ɗinkin maƙwabciyata ranar Laraba na tabbatar. Ido yana kan allura, saboda haka ba mai kallon fuskar wata. Mace za ta faɗi maganar da ta fi ƙarfin bakinta, in muryarta ta fara rawa sai ta ce a miƙo mata almakashi. Aikin ne mayafin maganar.

Mu ma muna da wannan mayafin, kuma shi ne muke yasarwa. Kakata a Katsina tana kaɗi da mazari, alli a yatsa, ƙawayenta na saƙar faifai a gefe. Kunya ta hana uwa yin irin wannan zance da 'yarta, ballantana 'yar fari, amma kaka abokiyar wasa ce, cikin tsokana take jefo miki gaskiya. Wanda aka kasa faɗa kai tsaye kuma sai a zuba shi a waƙar niƙa ko ta daka, kishiya na ji, uwar miji na ji, ba mai cewa da ita ake. Mai kitso ma, kanki na kan cinyarta kina kallon ƙasa, abin da ba ta ji ba kaɗan ne. Yanzu injin niƙa ya karɓi dutse, zare na kanti ne, gyaran amarya ya koma hannun mai sana'a da ake biya, wadda ba ta san gidanku ba. Nasiha kuwa ta koma WhatsApp, saƙon murya na minti tara daga wadda ba ki taɓa gani ba. Haƙurin yana nan ana ta faɗa, wurin da ake jin yadda aka yi shi ne ya ɓace.

Watan jiya na kira Umma na ce ta aiko min da tsofaffin zannuwan Kaka in gwada haɗa bargo. Ta ce, "Ke dai zaman Turai ya ɓata ki, wa ke yanka atamfa?" An rabar da su tun bayan rasuwa, saura ɗaya a ƙasan akwatinta, wata shuɗiya mai ganye. Na ce ta yaushe ce? Ta ce ta fitar suna ce, sunan ita Umma, kuma ba Malam, mijin Kaka, ne ya saya ba, don a lokacin ya... sai ta yi shiru. Ina jin ƙarar wake a faranti, tana tsincewa. Can ta ce, "Kina da kati da yawa a wayar?" Na ce ta intanet ce, Umma, ba ta ƙarewa. Muka yi awa ɗaya da rabi. Zanen dai ta ce ba za ta bayar ba.