Ranar da Na Tashi Ceton Unguwarmu daga Rijiyar Burtsatse

Ƙanina ne ya turo mini wani tsohon fim na Turawa mai suna Crack in the World, wanda ya fito a shekarar 1965, ya ce in kalla in ga yadda ake tsorata mutane tun kafin a iya haɗa hoto da kwamfuta. Labarin wani masanin kimiyya ne da ya kafa sansani a Tanganyika, wadda a yau take cikin Tanzaniya, yana son ya huda ƙasa har ya kai ga narkakken dutsen da ke can ciki domin duniya ta samu makamashi marar yankewa. Da haƙar ta ci karo da wani dutse da ya gagari injuna, sai ya harba masa makamin nukiliya, duk da gargaɗin da wani abokin aikinsa ya yi masa cewa ɓawon duniya ya riga ya yi rauni saboda gwaje-gwajen bama-bamai a ƙarƙashin ƙasa. Makami na shiga ƙasa ta tsage, tsagewar ta kama tafiya tana neman raba duniya biyu, daga ƙarshe wani yanki ya ɓalle ya tashi sama ya zama wata na biyu. Ban kwanta ba sai tsakar dare.

Bayan sallar asuba na koma barci, sai na farka na ji gado yana rawa a ƙarƙashina, kwanukan uwargida suna kaɗawa a cikin kabad, tagogi suna ƙara. Ina ɗaga kai kuma na hangi wata tsagewa a bango, ta taso daga gefen taga ta nufi rufi. Kada mai karatu ya yi saurin yi mini dariya, domin ƙasa ta motsa a Kwoi ta Jihar Kaduna a 2016, ta kuma motsa a Mpape ta Abuja a 2018, saboda haka abin ba tatsuniya ba ne a ƙasar nan. Na suri takardun makarantata da cajar waya da ɗan autanmu, na fita da singileti da takalmi ƙafa ɗaya, ina kiran jama'a su fito fili tun kafin gini ya danne su. Mutane suka fito kuwa, har da mai shayin bakin titi da ya baro ƙwai a kan wuta.

A ƙofar gidan Alhajin da muke katanga ɗaya na tarar da wata ƙatuwar mota, an kafa dogon ƙarfe yana nitsewa cikin ƙasa, farar ƙura tana tashi. Wani zai ga wannan hankalinsa ya kwanta, ni kuwa ganin haka ya tabbatar mini da cewa abin da na kalla jiya ne ake maimaitawa a bayan ɗakina. Na tsaya gaban mai injin na ce ya kashe, ya kashe, na shiga yi masa bayanin narkakken dutse da wata na biyu.

Mutumin ya saurare ni da ladabi, sannan ya ce, “Malam, mu ruwa muke nema, kuma a wannan unguwa ba ma wuce mita 100.” Wani malamin sakandare da ke cikin taron ya ƙara da cewa ɓawon duniya a doron ƙasa yakan kai kaurin kilomita 30 zuwa 50, kuma ramin da Rashawa suka fara haƙawa a Kola a 1970 bai wuce kilomita 12 da 'yan kai ba, sai da zafin ƙasa ya sa suka haƙura. Alhaji kuwa, da yake kuɗin hayar injin na tafiya, ya ce in yi wa Allah in matsa.

Ban ba da kai ba. Na ja tawagar maƙwabta har cikin ɗakina domin su ga hujja da idonsu, na nuna musu bangon. Nan ne uwargida, wadda tun farko ba ta ko tashi daga gaban murhu ba, ta leƙo ta ce, “Maigida, wannan tsagewar ai tun daminar bara take nan, kuma ita ce kullum nake roƙonka kuɗin siminti a kanta kana cewa ba ka ga komai ba.” Cikin tawagar akwai birkila, wanda nan take ya auna bangon da tafin hannunsa, ya yanka mini farashi a gaban shaidu, ya kuma karɓi kafin alƙalami kafin ya fita.