Sharhi kan robar asibiti daga man zurma

Wani labari da na karanta ya ce ana iya yin robar da ke narkewa a jiki daga man zurma. Gaskiya ne, amma ba daga matsa man sai asibiti ba. Kusan kashi 90 cikin 100 na man sinadarin risinoleyik ne, shi ke kama wani sinadarin masana'anta da ake zuba wa man, mai suna aisosayanet, su zama roba. Inda ake faɗuwa shi ne danshi. In akwai ruwa ko kaɗan a man, haɗin zai fitar da iskar kabon, robar ta cika da ƙananan ramuka, ta yi rauni. Dole a busar da man a zafin digiri 100 zuwa 110 na ma'aunin Selshiyos cikin tukunyar da aka zuƙe wa iska, musamman da damina a nan Kaduna.

A kula da irin aisosayanet ɗin ma. Wanda ake yin katifa da shi yana sakin guba in ya ruɓe a jiki, bai dace ba sam.

Gubar risin da ke cikin 'ya'yan zurma kuwa a tunkuzar take zama, ba a tataccen mai ba, don haka kada a ba dabbobi tunkuzar. Ina roƙon masanan NARICT, wato cibiyar binciken fasahar sinadarai ta ƙasa, da na ABU Zariya su fara da tace man zurmar manomanmu zuwa matakin magani.